Wani ya faɗi a ba shi fenariti, wani ya faɗi a ce ya tashi: ina amfanin VAR?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tunda yanzu akwai na'urar VAR, wato tsarin da wani alkali ke duba hoton bidiyo don taimaka wa alkalin fili, kuma kyamarori sun kewaye fili ta ko'ina, me ya sa 'yan wasa ba su daina faɗuwar ganganci ba? Kuma shin gaskiya ne sunan da ɗan wasa ya yi a idon jama'a yana shafar hukuncin da ake yanke masa? Ka kawo misalin Neymar, ka ce ko an yi masa ƙeta ta gaske sai a ce wasan kwaikwayo yake yi.

Na daɗe ina riƙe usur a ƙananan gasanni kafin gwiwa ta ajiye ni, yanzu kuma aikina koyar da masu tasowa dokokin wasa. Amsata a taƙaice ita ce e, suna yana tasiri, kuma VAR bai goge wannan tasirin ba. A wasu lokutan ma shi yake buga masa hatimi. Amma sai ka san yadda aka gina na'urar kafin ka ga dalili.

Hukumar IFAB, wadda ita ce mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta shigar da VAR cikin littafin doka a watan Maris na 2018, bayan gwajin shekara biyu. Italiya da Jamus sun riga sun fara amfani da shi a kakar 2017/18, Firimiyar Ingila ba ta karɓa ba sai 2019/20. A tsarin da aka fara da shi, abu huɗu kacal aka yarda ya sa baki a kai: ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga bisa ƙa'ida ba, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuma idan an ba wani kati a madadin wani. A cikin huɗun nan ma, mutumin da ke zaune a ɗakin bidiyo ba a ce masa ya sake alkalancin wasan ba. Ba a tambayarsa “da kai ne, me za ka busa?” Abin da ake tambayarsa shi ne: “wannan da alkali ya busa, kuskure ne bayyananne wanda ba ya buƙatar gardama?” Tazarar da ke tsakanin waɗannan tambayoyi biyu, nan ne duk rigimar take zaune.

Ka ɗauki taɓawa guda ɗaya a cikin da'ira. Mai tsaron baya ya miƙa ƙafa, gwiwarsa ta ɗan gogi cinyar ɗan gaba, ɗan gaba ya zube. Idan alkali ya nuna fenariti, mai bidiyo zai duba ya ga akwai taɓawa, ya ce ba kuskure bayyananne ba ne, a buga. Idan alkali ya ce a ci gaba da wasa, mai bidiyon nan dai zai duba ya ga taɓawar ba ta taka kara ta karya ba, ya ce ba kuskure bayyananne ba ne, a ci gaba. Hoto ɗaya, hukunci biyu, kuma duka biyun sun dace da doka. Ashe ke nan abin da ya raba gardama shi ne abin da alkalin fili ya yanke a cikin ƙiftawar ido, kafin kowa ya kalli allo. To a cikin wannan ƙiftawar ne suna yake aikinsa.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don kada ka ɗauka zargin wasu nake yi. Wata rana muna ɗakin sauya kaya kafin wasa, ina ɗaure igiyar takalmi, sai wani babba a cikinmu da zai riƙe mini tuta ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka sa ido a kan mai lamba goma sha ɗaya ɗin can, ko iska ce ta taɓa shi sai ya kwanta.” Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci yaron ya kutsa cikin da'ira, mai tsaron baya ya zo masa ta gefen da jikinsa ya kare mini gani, sai na ga yaron ya tashi sama ya faɗi yana ihu. Hannuna ya riga tunanina: na yi masa alamar ya tashi. Ban ba shi kati ba, amma a raina na ce ga shi nan, an faɗa mini. Da aka tashi wasa na wuce ta gaban bencinsu, na gan shi zaune ya zare safa. Sawun ƙusoshin takalmi uku ne a jere a ƙwaurinsa, na tsakiyar yana tsatsar jini. Bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi. Ban ga ƙetar ba, wannan gaskiya ne, kuma alkali ba ya busa abin da bai gani ba. Amma na san cewa da ba a raɗa mini waccan maganar ba, da na kalli mai tutar ɗaya gefen kafin in yanke.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2002, inda aka nuna wa alkalan wasa hotunan bidiyo iri ɗaya, amma aka gaya wa rabinsu tun farko cewa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ta yi suna wajen wasan ƙeta. Waɗanda aka gaya wa sun fi ɗaga wa wannan ƙungiyar kati. Manyan alkalai kuwa ba sa shiga fili da ka. Ana zama da su a nuna musu yadda kowace ƙungiya take wasa, wa ke riƙe riga a bugun kusurwa, wa ke saurin zubewa. Shiri ne mai kyau, amma kunnen da ya ji ba ya mantawa.

Yanzu mu zo kan Neymar, domin Gasar Kofin Duniya ta 2018 a Rasha ita ce ta farko da aka yi da VAR, kuma a kansa aka ga fuskokin al'amarin duka.

A wasan farko da Siwizalan an yi masa ƙeta sau 10, adadin da ba a ga an yi wa mutum ɗaya a wasa guda na gasar ba tun 1998. Wata huɗu kafin nan ya karya ƙashin tafin ƙafa a wasan PSG da Marseille, har aka yi masa tiyata. Shekara huɗu kafin nan kuma, a 2014, Juan Zúñiga na Kolombiya ya sa masa gwiwa a gadon baya ya tsaga masa ƙashin baya, ya fita daga gasar da ake yi a ƙasarsu. Duk wanda zai yi maganar birgimar Neymar ya kamata ya fara ajiye waɗannan a gabansa. Mutum ne da ake duka da gaske.

Sai wasa na biyu, da Kosta Rika. Saura minti goma sha biyu a tashi, babu ci, Neymar ya yanko ciki, Giancarlo González ya sa masa hannu a ƙirji, shi kuma ya baje hannuwa ya faɗi ta baya kamar an sare bishiya. Alkali Björn Kuipers ya nuna fenariti. Aka kira shi allo, ya duba, ya soke. A nan VAR ya yi aikin da aka kawo shi ya yi. Abin lura shi ne Kuipers bai ba shi katin gargaɗi na yaudara ba, alhali Doka ta 12 ta ce duk wanda ya yi ƙoƙarin yaudarar alkali, ta hanyar ƙaryar rauni ko nuna an yi masa ƙeta, a ba shi katin gargaɗi. Me ya hana? Akwai taɓawa. Hannu ya sauka a ƙirji, bai dai kai ya kayar da mutum ba. Doka tana da suna ga ƙeta, tana da suna ga ƙarya tsagwaronta, amma wannan fili mai faɗi da ke tsakani, inda aka taɓa ka kaɗan kai kuma ka ƙara gishiri, ba ta da wani takamaiman hukunci a kansa. Kusan duk faɗuwar da ake gardama a kanta a yau a wannan filin take.

Wasan Meziko a zagayen 'yan 16 shi ne ya fi damuna. Neymar yana ƙasa a bakin layi, Miguel Layún ya zo ɗaukar ƙwallo ya ɗora masa takalmi a idon sawu, kuma ƙafar da aka yi wa aiki ce. Hoton ya nuna takun a fili. Neymar ya yi ta murɗewa yana kururuwa kamar wanda kunama ta harba. Layún bai samu ko katin gargaɗi ba. Kocin Meziko, Juan Carlos Osorio, ya fito bayan wasa yana kukan ɓata lokaci, duniya kuma ta bar maganar takun ta koma kan birgimar. Gidan talabijin na RTS a Siwizalan ya lissafa cewa Neymar ya shafe kusan minti 14 a kwance a wasanni huɗu na farko, yara a ƙasashe daban-daban suka mayar da abin wasa, a kira sunansa kowa ya zube. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne ba hujja ba: da ɗan wasan da aka san shi da dauriya aka taka haka, ya riƙe ƙafa ya yi shiru, da maganar jan kati ta fi haka ƙarfi a ɗakin bidiyo. Yawan ihun ya rufe laifin da aka yi masa. Shi da kansa, a wata tallar Gillette da ta fito bayan gasar, ya amsa cewa wani lokaci yana zuzutawa, amma ya ce wahalar da yake sha a fili gaskiya ce. Duka biyun na yarda da su.

To ka kwatanta da Ƙatar a 2022, wasan Portugal da Ghana. Cristiano Ronaldo da Mohammed Salisu suka nufi ƙwallo tare, aka ɗan gogi juna, Ronaldo ya faɗi, alkali Ismail Elfath ya ba da fenariti, ba a kira shi allo ba. Kocin Ghana Otto Addo ya fusata, ya ce kyauta aka ba su. Amma Sunday Oliseh, wanda yake cikin kwamitin ƙwararru na FIFA mai nazarin gasar, ya yaba wa Ronaldo, ya kira abin hazaƙa: ya jira, ya riga taɓa ƙwallo, ya bar ƙafarsa inda za a same ta. Ban ce Oliseh ya yi kuskure ba, bayanin yadda abin yake ya yi. Ina dai so ka lura da kalmomin. Abu kusan iri ɗaya, a jikin wani sunansa wayo da gogewa, a jikin wani sunansa ha'inci. Haka aka yi da Raheem Sterling a wasan daf da na ƙarshe na gasar Turai da Denmark a Wembley a 2021: taɓawa 'yar kaɗan, alkali Danny Makkelie ya busa, VAR ya ga akwai taɓawa ya bar hukuncin. A Ingila aka ce dabara ce, a Denmark har gobe ba su yafe ba. Laifi tudu ne.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren farko na tambayarka, me ya sa ba a daina ba. An daina wani iri. Irin abin da Rivaldo ya yi a 2002, lokacin da Hakan Ünsal na Turkiyya ya buga masa ƙwallo a ƙafa shi kuma ya dafe fuska ya faɗi, aka kori Ünsal, FIFA ta ci Rivaldo tara daga baya, wannan yanzu kasada ce babba. Ko na Sergio Busquets na Barcelona a 2010 da Inter, yana kwance yana leƙe ta tsakanin yatsu ya ga ko an ɗaga wa Thiago Motta na Inter jan kati. Faɗuwa a cikin da'ira ba tare da kowa ya taɓa ka ba ta zama wauta, domin za a soke fenaritin a bi ka da kati. Abin da ya maye gurbinta ya fi ta wuyar kamawa. Ɗan gaba na zamani ba ya ƙirƙirar taɓawa, nemanta yake yi. Zai tura ƙwallo gaba, ya ja ƙafar baya a ƙasa har ta haɗu da ƙafar mai tsaron baya da ya riga ya miƙe. Zai rage gudu kwatsam don wanda ke binsa ya afka masa. Ya san mai bidiyo zai tsayar da hoto yana neman inda fata ta haɗu da fata, don haka yake tanadar masa wannan hoton. Ka tuna an ba da fenariti 29 a gasar 2018, alhali ba a taɓa wuce 18 ba kafin nan. 'Yan wasa ma suna lissafi.

Rage gudun hoto yana ƙara dagula abin. Ƙa'idar VAR ta ce a yi amfani da hoto mai tafiyar hawainiya don tabbatar da abin da ya faru, kamar inda ƙafa ta sauka, amma a koma gudunsa na asali idan ana auna ƙarfin karo. Dalili kuwa, idan ka sassauta hoto komai sai ya zama kamar da gangan aka yi. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun nuna a 2018 cewa alkalai sun fi tsananta hukunci idan suka kalli ƙeta a sassauce. Gogar da ba za ta kayar da yaro ba, idan aka maimaita ta sau shida a hankali, sai ta koma kamar sara.

Akwai kuma abin da ke wajen hurumin na'urar gaba ɗaya. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018, Antoine Griezmann na Faransa ya faɗi a wajen da'ira kusa da Marcelo Brozović na Kuroshiya, mutane da yawa suna ganin ya fara faɗuwa kafin a taɓa shi. Alkali Néstor Pitana ya ba da bugun tazara, Griezmann ya bugo, Mario Mandžukić na Kuroshiya ya ci gidansu da ka. VAR ba shi da ikon komawa kan bugun tazara, don haka ƙwallon farko a wasan da ya fi kowane girma ta fito daga hukuncin da babu mai iya dubawa. Mai wayo ya gane cewa taku biyu a wajen da'ira babu mai sa masa ido sai alkali.

Hukunci bayan wasa ma an gwada. UEFA ta dakatar da Eduardo na Arsenal wasa biyu a 2009 kan faɗuwarsa a wasan Celtic, aka ɗaukaka ƙara, aka janye. Hukumar ƙwallon Ingila ta kawo dokar dakatarwar wasa biyu a 2017, Oumar Niasse na Everton ya zama ɗan Firimiya na farko da ta kama. Ihu bayan hari ne, maki ya riga ya tafi, kuma tabbatar da niyyar mutum daga hoto ba ƙaramin aiki ba ne.

Kada kuma mu wanke kanmu, mu masu usur. Mu muka koya wa 'yan wasa faɗuwa. Sau nawa ka ga an ja rigar ɗan gaba ko an buge masa diddige, ya yi tangal-tangal ya daure ya buga ƙwallo a karkace, alkali ya yi shiru? A doka, ƙeta ƙeta ce ko mutum ya faɗi ko bai faɗi ba. A aikace, wanda ya tsaya da ƙafarsa ba kasafai ake saka masa ba, kuma kocinsa zai tare shi a ɗakin sauya kaya ya tambaye shi me ya hana shi kwanciya. Matuƙar gaskiya ba ta biya, kada a yi mamakin ganin 'yan wasa suna taimaka wa alkali ya gani. Ɗakin bidiyon ma mutane ne a ciki. Mike Dean, wanda shi ne mai bidiyo a ranar, ya faɗa da bakinsa a 2023 cewa a wasan Chelsea da Tottenham na 2022, lokacin da Cristian Romero ya ja gashin Marc Cucurella, bai tura alkalin fili Anthony Taylor allo ba saboda abokinsa ne kuma ba ya son ƙara masa damuwa a ranar. Idan abota za ta iya shiga wannan ɗakin, to sunan ɗan wasa ma zai iya.

Idan kana so ka riƙa rarrabewa da kanka, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Kada ka kalli fuska, kada ka saurari ihu. Kalli ƙafar da ke ɗauke da nauyin jiki: an ɗauke ta ne, ko shi ya naɗe ta? Wanda aka kayar da gaske hannuwansa suna sauka ƙasa da sauri don kare fuska, ba ya da lokacin yin ado. Mai ƙarya yakan ɗaga hannuwa sama, ya turo ƙirji, ya lanƙwasa ƙafafu baya, siffar da wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Portsmouth, Paul Morris, ya kwatanta da bakan maharbi. Duba ko akwai ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da faɗuwa, ko ya ƙara taku ɗaya yana duban inda ƙwallo ta nufa kafin ya yanke shawarar zubewa. Duba ko inda ya riƙe nan ne aka taɓa. Amma ka yi hattara da abu guda: mai gudu da ƙarfi, ɗan ƙaramin shafa a diddige ya isa ya watsar da shi, kuma wani yakan yi tsalle ne don ya tsere wa takalmin da ke zuwa, ba don yaudara ba. Gareth Bale ya sha katin yaudara a kakar 2012/13 a Tottenham, kuma hujjar da ya riƙa bayarwa ke nan. Wasu daga cikin katunan sun dace, wasu kuwa sunan da ya riga ya yi ne ya jawo masa.

Ko suna yana wankuwa? Yana yi, amma ba a ɗakin bidiyo ba. Jürgen Klinsmann ya isa Tottenham a 1994 Ingila duka tana kiransa mai faɗuwar ƙarya, musamman saboda yadda ya yi sama ya birgima a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1990 da aka kori Pedro Monzón na Ajantina. A wasansa na farko, da Sheffield Wednesday, ya ci ƙwallo da ka, sai ya ruga ya yi sufa a kan ciyawa da ƙirji, abokan wasansa suka bi shi. Ya mayar da zagin abin dariya, ya ci gaba da zura ƙwallaye, a ƙarshen kakar marubuta wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara. Neymar bai samu wannan ba. Brazil ta fita a hannun Beljiyam a wasan da ya biyo bayan na Meziko, kuma a wannan wasan ma ya faɗi a cikin da'ira, alkali Milorad Mažić ya yi masa alamar ya tashi.